Fatawa Kan Wanda Ya Karya Azumin Alkawari Ya Koma Shan Goskolo

TAMBAYA

Ni bakanike ne a Tudun Wada, nan Jos, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Na daɗe ina fama da shan barasar goskolo. A farkon Janairu na durƙusa na yi wa Allah alkawarin azumin kwana 21, ba ci ba sha daga safe har ƙarfe shida na yamma, domin ya raba ni da wannan abu, ya kuma ba ni tagomashi wajen wani aikin direba da nake nema. Ina da gyambon ciki. Da na kai tsakiyar azumin, ciwon ya taso mini a gareji har na kasa miƙewa, na sha ruwa da magani, na ci abinci. Wani abokina ya ce azumin ya lalace, sai na sake daga farko. Wani ya ce ramuwa zan yi, har da kaffara. Haushi ya kama ni, da yammacin ranar na koma inda na saba. Aikin kuma an ba wani. Shin akwai ramuwa a kaina? Allah ya janye tagomashinsa daga gare ni ne? Zan iya cin Jibin Ubangiji?

AMSA

Babu ramuwa a kanka, babu kaffara, kuma ba sai ka sake daga farko ba. Ruwa da maganin da ka sha a gareji ba zunubi ba ne. Zunubin da ke cikin labarinka yana can inda ka je da yamma, shi ma kuwa yana da gafara.

Na san inda abokanka suka samo batun ramuwa. A Jos muke, kasuwa ɗaya muke ci da maƙwabtanmu Musulmi, kuma azuminsu yana da ƙa'idodi a rubuce: lokacin sahur, lokacin buɗa-baki, abin da ke karya shi, ramuwar kwanakin da aka sha, da kaffarar azumin wata biyu a jere ko ciyar da miskinai 60 ga wanda ya karya da gangan. A 2025 ma azuminsu da na Kirista na kwana arba'in suka haɗu, Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris, Larabar Toka ta zo ranar 5 ga wata, har aka riƙa yi wa juna barka da shan ruwa a Taminus da Farin Gada. Kunnen da ya tashi yana jin waɗannan hukunce-hukunce yakan ɗauka kowane azumi haka yake. Tsarinsu ne, suna kuma kiyaye shi da gaske, amma Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa Kirista shi ba. Ka kuma lura, ko a wurinsu marar lafiya yana da izinin ya ci. Abokinka da ya kawo maka zancen kaffara ya fi masu dokar tsanani.

A cikin Attaura duka rana ɗaya ce aka wajabta wa Isra'ila su ƙasƙantar da kansu da azumi, ita ce Ranar Kafara, goma ga wata na bakwai, kamar yadda yake a Littafin Firistoci sura 16 da 23. Wasiƙar Ibraniyawa ta nuna cewa hadayar Almasihu ta cika aikin wannan rana sau ɗaya tak. Yesu bai soke azumi ba. A Matiyu 6 ya yi magana da almajiransa a matsayin mutanen da za su yi shi, ya dai hana su ɓata fuska don a gani. A Matiyu 9 ya ce lokacin azuminsu zai zo bayan an ɗauke ango. Ikkilisiyar Antakiya ta yi azumi kafin ta sallami Barnaba da Bulus. Sai dai ka bincika Sabon Alkawari daga Matiyu har Wahayi, ba za ka sami adadin kwana ba, ko ƙarfe nawa ake sha ruwa, ko jerin abubuwan da ke karya azumi. Siffarsa ma ba ɗaya ba ce. Esta da mutanenta kwana uku suka yi ba ci ba sha. Daniyel, wanda ake dogara da shi wajen kwana 21 ɗin nan, mako uku ya yi yana ƙin nama da ruwan inabi da abinci mai daɗi, ba a ce ya daina ci gaba ɗaya ba. Da irin nasa ka yi, da cikinka bai kwantar da kai ba.

Ba ka faɗi Ikkilisiyarka ba, don haka bari in raba. In kai ɗan Katolika ne, akwai doka a kanka, amma mai sauƙi ce: dokar Ikkilisiya ta 1983 ta sa azumi a Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau ga wanda ya kai 18 bai shiga 60 ba, da ƙin cin nama daga shekara 14. Ana cin cikakken abinci sau ɗaya, ruwa ba ya karya shi, marar lafiya kuma an ɗauke masa. In kai ɗan ECWA ne ko COCIN, 'yan mishan na SIM da SUM da suka kawo mana bishara tun daga 1893 da 1904 sun fito ne daga gidan da ya daɗe da cewa ba a tilasta azumi. Tun 1522 aka yi wannan gardama a Zurik ta ƙasar Siwizalan, lokacin da ma'aikatan wani mai buga littattafai suka ci nama cikin azumin kwana arba'in, mai wa'azi Zwingli kuma ya hau mumbari ya kare su. Kwana 21 na Janairu da ikkilisiyoyi irin su Winners suka shahara da shi, wanda ya shiga majami'u da yawa a garin nan, kira ne na shugabanni. Amsa shi abu ne mai kyau, rashin kai shi ƙarshe saboda ciwo ba laifi ba ne.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kai alkawari ka yi da bakinka, kuma shi ne nauyin da ke danne maka ƙirji. Ba zan ce maka alkawari wasa ba ne. Mai Hadishi sura 5 ya gargaɗe mu cewa gara mutum ya yi shiru da ya yi wa'adi ya kasa cikawa. Sai dai Littafin da ya faɗi haka ya san halin ɗan Adam, ya kuma yi tanadi. Littafin Firistoci 5 ya yi maganar wanda ya yi rantsuwa da garaje, daga baya ya gane: abin da aka nema gare shi shi ne ya furta laifinsa ya kawo hadaya, mu kuwa an riga an miƙa tamu. A sura 27 kuma, wanda ya yi wa'adi ya rasa abin biya, firist yakan yanka masa daidai ƙarfinsa. Allah bai taɓa neman a biya shi da abin da zai hallaka mai biya ba.

Ka buɗe 1 Sama'ila 14 ka karanta a natse, domin labarinka ne. Sarki Saul ya rantsar da mayaƙansa kada kowa ya sa wani abu a baki har yamma, alhali suna tsakiyar yaƙi da Filistiyawa. Suka shiga kurmi, zuma na ɗiga, ba mai taɓawa. Ɗansa Jonatan, da bai ji rantsuwar ba, ya tsoma kan sandarsa ya lasa, idanunsa suka washe, ya ce mahaifinsa ya wahalar da ƙasa. Da yamma ta yi, mutanen da yunwa ta galabaitar suka auka wa ganima, suka yanka dabbobi a ƙasa suka ci nama da jininsa, abin da Shari'a ta haramta ƙiri-ƙiri. Azumin da aka ɗora ba tunani shi ya kai su ga zunubin da ya fi girma. Jonatan da ya ci kuwa, jama'a suka tsaya masa bai mutu ba. Kai ma ka ɗora wa ciki mai gyambo abin da ba zai iya ba, a cikin sanyin hunturun Jos, kana kwance ƙarƙashin mota tun safe. Da azumin ya faɗi, ka ɗauka kai ma ka faɗi gaba ɗaya, ka ce tunda an rasa a rasa duka.

Hukuncin alkawarinka ke nan: ka faɗa wa Allah cewa ka yi garaje da bakinka, ka roƙi gafara, magana ta ƙare. In zuciyarka tana son ka ƙarasa sauran kwanakin, ka ƙarasa su irin na Daniyel, ka ci fate ko acca a kan lokaci, ka sha ruwa da maganinka, ka bar nama da kayan marmari, ka ba addu'a lokacin. Wannan kyauta ce daga gare ka, ba bashi ake bin ka ba.

Batun tagomashi kuwa, nan ne na fi jin tsoro dominka, don na ga yadda ka ƙulla lissafin: kwana 21 a hannu ɗaya, aikin direba a ɗaya hannun. Wa'azin irin wannan ya yi yawa a garin nan, a fosta da lasifika, kamar ana cinikin tumatir. Dawuda ya kwanta a ƙasa yana azumi domin yaron da Batsheba ta haifa masa, a rana ta bakwai yaron ya mutu. Ya tashi ya yi wanka, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, ya ce a kawo abinci. Bai ce Allah ya ci amanarsa ba, domin tun farko roƙo ya yi, bai yi ciniki ba. Bafarisiyen Luka 18 yana azumi sau biyu a mako, yana kuma da lissafinsa a baki, amma mai karɓar harajin da ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji shi ya koma gida baratacce. Mutanen Ishaya 58 sun yi irin tambayarka, me ya sa muka yi azumi ba ka duba ba, aka amsa musu da zancen ma'aikatan da suke zalunta da mayunwatan da suka ƙi ciyarwa. Afisawa 2 kuma ta rufe ƙofar: ceto ta wurin alheri yake, ba ladan aiki ba. Abin da ba ka saya da azumi ba, karya azumi ba zai ƙwace maka shi ba. Aikin da aka ba wani, mai yiwuwa ma jinƙai ne. Ka tambayi kanka, da sun ba ka motar mutane cike da fasinja ka gangara Hawan Kibo, goskolo na jininka, wa za a yi wa ta'aziyya?

Saura babban abin, yadda za ka rabu da sha. Bulus ya faɗa a ƙarshen Kolosiyawa 2 cewa dokokin kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana, da azabtar da jiki, suna da kamannin hikima amma ba su da ikon kashe sha'awar jiki. Kai bakanike ne. In an kawo maka mota ka kashe inji ka ɗaga bonet, ba ka gyara komai ba tukuna, ka dai sami damar ganin inda mai ke yoyo. Aikin azumi ke nan. Naka ma ya yi wannan aikin, ko da yake ya yanke: ya nuna maka cewa haushi ne ke tura ƙafarka wurin, kuma da yamma ne, kuma kai kaɗai ne. Nasara kan zunubi tana zuwa ta wurin Ruhu Mai Tsarki, shi kuma yakan bi ta hanyoyin da mutane ke rainawa. Yusufu bai tsaya muhawara da matar Fotifar ba, ya bar mata rigarsa ya fita a guje. Ka canza hanyar da kake bi daga gareji zuwa gida, ko da za ta ƙara maka kuɗin keke. Ranar da aka biya ka kuɗin aiki, ka damƙa wa uwargida kafin magariba. Yakubu 5 ya ce mu furta wa juna laifofinmu mu yi wa juna addu'a, saboda haka ka zaɓi dattijo ɗaya a Ikkilisiyarku, mai riƙe sirri, ka faɗa masa duka, ka ba shi izinin ya kira ka kowace yamma ya tambaye ka ina kake. Matarka ta riga ta sani, warin ba ya ɓuya, abin da take jira shi ne ta ji daga bakinka. In ka sake faɗuwa, ka tashi a ranar, kada ka jira wani Janairu.

Ka je asibiti cikin makon nan, wannan ma umarni ne na fatawar. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi ko yawan shan maganin ciwon jiki, kuma yana warkewa da magani, amma barasa a kan cikin da ba komai tana ƙara hura shi. In ka ga bayan gida ya yi baƙi ko ka yi aman jini, kada ka kwana a gida. Ka kuma gaya wa likita gaskiyar yawan abin da kake sha, domin wanda jikinsa ya saba, in ya yanke farat ɗaya, yana iya kamuwa da makyarkyata har da farfaɗiya. Akwai masu wannan aiki a asibitin JUTH, kuma zuwa wurinsu ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta Bishara likita ne.

Jibin Ubangiji kuwa, karya azumi ba ya hana ka. Game da shan, 1 Korantiyawa 11 ta ce kowa ya gwada kansa kafin ya ci, teburin kuma na masu tuba ne. Sai dai kowace Ikkilisiya tana da tsarin horonta, ba ni da ikon tsallake shi daga nan. Ka je wurin fastonku kafin Lahadin Jibi, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini. In ya ce ka ci, ka ci. In dattawa suka ce ka dakata na wani lokaci, ka dakata, amma ka ci gaba da zuwa sujada, kai da iyalinka.