MAƘWABCINA YA KAI ƘARATA SABODA JAKI, SHIN BA MUNAFUNCI BA NE?



Wannan tambayar ta zo mini daga wani bawan Allah a ƙasar Rabah, na ga ya fi kyau in amsa ta a fili, don ta shafi gidaje da yawa daga Wurno har Goronyo. Jakinsa yana da miki a baya inda akumari ke gugarsa, ƙuda ya yi masa yawa, kuma duk da haka kullum sai an ɗora masa buhunan albasa daga fadama. Maƙwabci ya yi magana sau biyu ba a ji ba, sai ya kai wa mai unguwa, mai unguwa ya zo da malamin dabbobi. Yanzu mai jaki ya daina gaisawa da maƙwabcin. Cewa yake: "Mi ruwanai da jakina? Shi ya saya man?"

To ɗan'uwa, ba shi ya saya maka ba. Amma kai ma ba kai ka halitta shi ba.

Ƙarar dabba tun a Madina an ji ta, kuma dabbar ce da kanta ta kai. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Ja'afar, Allah ya yarda da su, cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya shiga garkar wani mutumin Ansar, sai wani raƙumi ya gan shi ya kama kuka, idanunsa na zubar da hawaye. Annabi ya je ya shafa bayan kunnensa har ya natsu, sannan ya tambayi wa ke da shi. Wani saurayi ya fito. Annabi ya tunatar da shi tsoron Allah game da wannan dabba da Allah ya mallaka masa, ya gaya masa raƙumin ya kai kukan ana barinsa da yunwa, ana kuma gajiyar da shi da aiki. Ku lura, jama'a: saurayin bai kafa hujja da cewa dukiyarsa ce ba. Kuma laifuffuka biyun nan, yunwa da aikin da ya wuce ƙima, su ne dai muke gani a turakunmu yau.

Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa kowa ya haddace shi, yana cikin Bukhari da Muslim. Abin da ba mu cika tsayawa a kai ba shi ne, ba a ce ta doke ta ba. Tsare ta kawai ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Wato zunubin turke ne. Duk wanda ya ɗaure bisa ya hana ta neman abincinta, to ya ɗauki nauyin cikinta a wuyansa.

A nan ne maganar ta iso ƙasarmu. Da can, mai akuya uku a Gandi ko Achida ba ya tunanin dusa sai lokacin turka. Da safe a kora su kiwo, da marece su dawo da ciki cike. Yanzu fa? Daji ya zama na 'yan bindiga. Tun harin Tabanni a 2018, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, kowa ya san halin da ake ciki. Mutane sun baro ƙauyuka da ɗan abin da ya saura na bisashe, sun cusa su a tsakar gidan haya ko bayan ɗakin ɗan'uwa. Wanda bai yi gudun hijira ba ma tsoron fitar da shanunsa yake yi. Sai ka tarar da tumaki goma a wurin da bai isa huɗu ba, fitsari na bin kwata zuwa ƙofar maƙwabci, wari ya hana shi shan iska a zaurensa. Ban ɗauki wannan da wasa ba, kuma ba na zargin mutumin da aka raba da garinsa. Amma malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan daidai wannan hali. A Mukhtasar na Shehu Khalil, babin ciyarwa, an wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa idan babu wurin kiwo, in ya ƙi ko ya kasa a sayar da ita. Haka idan yana ɗora mata aikin da ba ta iyawa. Har nono an ce kada a tatsa yadda zai cutar da ɗanta. Sharaɗin nan na rashin wurin kiwo, wanda ɗalibi ke karantawa ya wuce a zaure, yau shi ne rayuwarmu. Rufewar daji ba ta sauke maka nauyi ba, ita ce ma ta ɗora maka shi.

Sai maganar hukuma: tana da hurumin shiga? Tana da shi. Umar ɗan Abdul'aziz ya sami labarin a Masar ana ɗora wa raƙuman dako ratali 1,000, sai ya rubuta wa wakilinsa cewa kada a wuce 600. Labari ne ya kai masa, wato wani ne ya kai ƙara. Imam Mawardi, wanda ya rasu a 450 bayan hijira, ya faɗa a Ahkamus Sulɗaniyya cewa mai hisba zai hana masu dabbobi sa su aikin da ba za su jure ba, ko da babu wanda ya kawo ƙorafi. Mu nan kuwa ba baƙin hisba ba ne. Malam Abdullahi na Gwandu littafi guda ya rubuta a kanta, Diya'u Ahlil Ihtisab, kuma ɗan wansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, nan Wurno yake kwance tun 1837. Abin kunya ne jikokin waɗannan su riƙa cewa duba lafiyar jaki al'adar Turawa ce.

Don haka idan duba-gari ko malamin dabbobi ya yi sallama, ga abin da nake ba da shawara. Ka fito ka karɓe shi da fuska, ka nemi ya dakata iyali su kimtsa, haƙƙinka ne, shi ma ba ya halatta ya faɗa gida ba izini, Suratun Nur ta riga ta yanke wannan. Ka nuna masa dabbar yadda take. Kada ka ɓoye marar lafiyar a ɗakin girki ka fito da mai ƙiba. In bauru ne ko ciwon huhu, ɓoyewarka za ta kwashe garken unguwa gaba ɗaya, kuma naka ne farko. Abin da ya ce ka gyara, ka tambaye shi kwana nawa, ka gyara. Miki a wanke, a sa magani, a sauke kaya har ya warke. Na san kwana goma ba dako asara ce ga mai iyali. Amma jaki yanzu ba abin da ake saye da kuɗin aljihu ba ne, tun da masu fataucin fatarsa zuwa ƙasar Sin suka rage shi, har sai da Tarayyar Afirka ta hana yanka shi don fata a Fabrairun 2024. In wannan ya mutu a hanyar fadama, da me za ka maye shi?

Abu ɗaya kada ka yi: kada ka miƙa na goro don a rufe magana. La'anar da ta zo a hadisi ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa. Kai ka sayi shirun ma'aikaci, jaki kuma na nan da mikinsa, ranar hisabi kuwa babu na goro.

Yanzu maƙwabci. Kai ƙara don a kawar da ɓarna ba giba ba ce. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ya halatta a ambaci mutum a bayan idonsa, daga ciki akwai kukan wanda aka zalunta, da neman taimako wurin mai iko don a canza munkari. Wanda ya yi nasiha sau biyu a ɓoye sannan ya je wurin mai unguwa ya bi tsari. Ba munafuki ba ne, kuma ƙaurace masa fiye da kwana uku a kan wannan haramun ne.

Sai dai ba kowane mai ƙara ne haka ba, mu faɗi gaskiya. Akwai wanda shekara biyar yana ganin jakin nan bai ce uffan ba, sai ranar da aka yi rikicin iyakar gona ko aka hana ɗansa aure, sannan tausayin dabba ya taso masa. Akwai mai hawa katanga yana leƙen gidan mutane, wannan tajassusi ne, Suratul Hujurat ta hana. Akwai mai ƙara gishiri: akuya ɗaya ce ke tari, ya ce duk garken ya ruɓe. Irin wannan, ko an gyara wa dabba zama ta dalilinsa, niyyarsa na nan tana jiransa. Kuma ina da tambaya ga mai rumbun harawa da ke kallon tumakin ɗan gudun hijira suna cin leda: kafin ka tafi ƙofar mai unguwa, ka taɓa aika masa dami ɗaya? In wari ne ya dame ka, ka taɓa ce masa ga amalankena, mu kwashe takin nan mu kai gona? Manoman albasa da tafarnuwa a bakin Rima kuɗi suke sa wa taki.

Wanda kuma ya duba ya ga wallahi ba zai iya ciyar da goma ba, ya sayar da huɗu ya ciyar da shida, ko ya ba wani amintacce riƙo a raba abin da aka haifa, yadda iyayenmu ke yi. Tunkiyar da ta fara ramewa gara a kai ta kasuwa wannan makon, don mako mai zuwa mahauci ne zai faɗi kuɗinta.

Allah ya buɗe mana dajinmu, ya mayar da kowa garinsa lafiya.