Bashin Da Mamman Shata Ke Binmu

Ran Jumma'a, 18 ga watan Yuni na shekarar 1999, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a asibitin Malam Aminu Kano da ke birnin Kano, aka ɗauki gawarsa aka kai Daura aka rufe. Yau shekara fiye da ashirin ke nan. Amma duk wanda ya taso daga Gyallesu da hantsi, ya nufi kasuwar Tudun Wada, da wuya ya kai inda za shi bai ji muryarsa ba, ko a shagon tela, ko a teburin mai shayi, ko a motar haya. Mai murya na kwance cikin ƙasa, murya kuwa tana ta yawo a bisanta. Wannan ne ya sa muka ga ya kyautu mu zauna da ku, ku 'yan makaranta, mu yi wa kanmu wata tambaya: wane hakki ne mawaƙin da ya rasu ya ke da shi a kan mutanen da suka sha daɗin waƙarsa? Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu duka mun ci, saura askin.

Bari mu fara da ko wane ne shi, don da yawa daga cikinku ba a haife ku ba sa'ad da ya kau. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina wajen shekarar 1923. Yana yaro ya yi tallar goro da alewa, yana yi yana waƙa a kasuwa da dandali. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so wannan hanya ba ko kaɗan, domin a ganin mutanen lokacin waƙa roƙo ce, roƙo kuwa ba gadon gidansu ba ne. Amma abin da Allah ya nufa ba makawa. Ya bar Musawa ya zauna Bakori, ya zauna Kano, daga bisani ya kafa gida a Funtuwa, nan kusa da mu. Ya yi shekara wajen sittin yana waƙa da kalangu, makaɗa da 'yan amshi na biye da shi. Ba ya zama ya rubuta, ba ya kwana yana bita. Ya kan tsaya gaban taro, kiɗa ya tashi, magana ta yi ta zuba kamar an buɗe bakin rijiya. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai da sojoji da direbobi da manoma, ya yi wa garuruwa da dazuzzuka, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka aika wata cikin 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Yawan waƙoƙinsa kuwa, shi kansa bai ajiye lissafi ba.

To, hakkin farko da ya ke binmu shi ne mu daina baki biyu game da sana'arsa. Ku duba wani abin mamaki cikin halinmu. In ana biki, mawaƙi a ke nema, a kai shi gaba, a yi ta yi masa kari. In gari ya waye aka ce ɗansa na neman 'yar gidan, sai ka ga an ɓata fuska, ana cewa maroƙi ne. Muna son zumar, muna ƙyamar ƙudan da ya yi ta. Wannan hali ya daɗe a ƙasar Hausa, ya kuma bi mu har cikin makaranta, inda yaro da ya iya baitoci biyu na wani mawaƙin Ingila ya kan ɗauki kansa ya waye, ya raina ɗan'uwansa da ya haddace waƙar kalangu. Cikin shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello, wadda sashenta na Kongo ke maƙwabtaka da Gyallesu, ta ba Shata digirin girmamawa na Dokta. Mutumin da bai taɓa zama aji ba, malaman jami'a suka sa masa rigarsu. Lalle sun kyauta. Amma rigar rana ɗaya ce. Abin da ya fi ta shi ne mu cire rainin daga zuci, mu yarda cewa sarrafa harshe aiki ne kamar ƙira da saƙa da gini, mai yinsa kuwa ya cancanci ladansa da mutuncinsa.

Nan wani mai hankali zai ce, "Ku dakata. Ai mafi yawan waƙoƙin nan yabo ne da aka saya. An ba shi doki, an ba shi mota, an ba shi riga, ya ce wane ya fi kowa. Ina darajar maganar da kuɗi ya jawo?" Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, kada mu ture ta. Gaskiya ne yabo ya kan wuce gona da iri, gaskiya ne kuma akwai mawaƙan da za su kira kura tunkiya in an cika musu aljihu. Amma mu lura da abu biyu.

Na ɗaya, in mawaƙi na gaske ya yabi mutum, abin da ya kan ambata shi ne kyauta, da haƙuri, da cika alkawari, da riƙon zumunci, da tsare talakawa. Watau yana zana wa mai mulki da mai dukiya siffar da jama'a ke so su gani gare su, a gaban jama'ar, da ƙarfi. Wanda aka kira mai kyauta a bainar mutane, gobe kunya za ta hana shi korar mabuƙaci daga ƙofarsa. Ashe yabo wani lokaci linzami ne da aka yi wa ado.

Na biyu, mu tambaya, tsakanin mai bayarwa da mai waƙa, wa ya fi cin riba? Littattafan Larabawa sun kawo labarin Zuhairu ɗan Abi Sulma, mawaƙin zamanin jahiliyya, wanda ya yi ta yabon wani shugaba, Harimu ɗan Sinanu, shi kuwa yana yi masa kyauta mai yawa. An ruwaito cewa bayan zamaninsu Sayyidina Umaru ya gamu da wani daga zuriyarsu, ya nuna masa cewa dukiyar da Harimu ya bayar ta ƙare, abin da Zuhairu ya bayar kuwa yana nan. Haka al'amarin ya ke a nan. Dawakin da aka ba Shata sun mutu, motocin sun zama tsohon ƙarfe, rigunan sun yage. Amma akwai mutane da yawa waɗanda da ba don waƙarsa ba, da yanzu ko a garinsu an manta da su, ga shi kuwa yaran da ba su san kamanninsu ba suna kiran sunayensu. Wa ya yi wa wani alheri?

Hakki na biyu ya fi wuya, shi ne mu tuna da shi da gaskiya. In mutum ya mutu, mutane su kan rabu biyu. Masoya su wanke shi tas, su mai da shi waliyyi. Masu ƙi kuwa su tattara kurakuransa su ce shi ke nan abin da ya bari. Dukansu sun zalunce shi. Kowa ya san cikin waƙoƙin Shata akwai na yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai na gargaɗi da kiran 'yan Arewa su tashi su nemi na kansu. Kowa ya san kuma akwai na shaye-shaye, akwai zambo mai zafi wanda ya sa waɗansu suka kasa ɗaga kai a garinsu. Mutum tara ya ke, bai cika goma ba. Addini ya hore mu mu ambaci alherin matattu, mu kame baki daga tonon asirinsu, amma bai ce mu yi musu ƙarya ba. Hisabi na Allah ne. Abin da ke namu shi ne mu roƙa masa gafara, sa'an nan mu sa hankali mu tace abin da ya bari, yadda mace ke sheƙe hatsi, tsaba ta zauna, ƙaiƙayi ya tashi.

Wanda ya ce tun da akwai ƙaiƙayi a zubar da kwandon duka, to, ya shiga cikin birnin Zariya ya leƙa zaurukan malamai. Zai tarar ana karanta waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan jahiliyya, mutanen da suka rayu kafin Musulunci, waɗanda baitocinsu ke cike da zancen mata da giya da yaƙi. Malamai masu tsoron Allah sun fi shekara dubu suna koyar da su. Don me? Don a cikinsu a ke samun Larabci tsantsa, wanda sai da shi a ke gane zurfin Alƙur'ani da Hadisi. Sun ɗauki lugga, sun bar wa mai hali halinsa. In Larabawa sun yi wa harshensu wannan tanadi, mu me zai hana mu yi wa namu? Cikin bakin Shata, da Narambaɗa, da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu cikin 1991, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi wanda ya rasu cikin 2015, akwai kalmomi da karin magana da kirari da sunayen wurare waɗanda yanzu ba ka jinsu a bakin samari. Rumbu ne, kada mu bar gara ta cinye.

Wannan ya kawo mu ga hakki na uku, wanda ku 'yan makaranta ya fi rataya a wuyanku. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gaskiya ne, amma bakin mai ita ba ya dawwama. Ku tambayi kanku, mawaƙa nawa aka yi a fadar Zazzau da Kano da Katsina da Gobir kafin zuwan na'urar ɗaukar magana? Ina waƙoƙinsu? Sun bi masu su kabari, sai ɗan guntun kirari da ya maƙale a bakin tsofaffi. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka rubuta. Waƙoƙin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na 'yarsa Nana Asma'u suna nan domin alƙalami ya riƙe su. Malam Aliyu Namangi, makahon nan na Zariya, bai ga takarda da idonsa ba, amma da ya ke an rubuta Imfiraji, an kuma buga ta a nan Zariya, har yau ana rera ta. A ƙasar Girka ma, waƙoƙin da a ke danganawa ga Homa da baka aka fara rera su, daga baya aka sa su a rubuce, shi ya sa bayan shekara fiye da dubu biyu da ɗari biyar yara na karanta su a makarantun duniya.

Kada ku ce ai Shata ya tsira, tun da an ɗauki muryarsa. Faifan garmaho ya zo ya wuce, kaset ya zo ya wuce, zaren da ke cikinsa kuwa zafi da ƙura na cinye shi. Ko da muryar ta zauna cikin waya, akwai abin da na'ura ba ta ɗauka, watau ma'ana. Waƙar baka cike ta ke da ishara. Ya kan ambaci mutum da laƙabinsa, ko wani abu da ya faru a wata kasuwa, ko wani habaici wanda mutanen wurin kaɗai suka san inda ya dosa. Ran da tsohon da ya san labarin ya mutu, baitin ya zama ƙulli ba mai kwancewa. Waɗansu sun riga sun fara wannan aiki. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta littafin digirinsa na Dokta a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka cikin 1975, tun yana da rai. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma sun fitar da tarihin rayuwarsa cikin 2006. Allah ya saka musu. Amma gonar tana da faɗi, manoma kaɗan ne.

Saboda haka ga shawararmu. In an ba ku hutu kun koma gida, kowa ya sami littafi guda ya keɓe. Ya zaɓi waƙa ɗaya, ya saurara da natsuwa, ya rubuta ta baiti baiti yadda aka faɗa, kada ya gyara wa mawaƙi Hausarsa. Duk kalmar da ta shige masa duhu, ya tafi wurin kakansa ko wani dattijon unguwa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaya. Ya rubuta wanda aka yi wa waƙar, da garinsu, da dalilin yinta. Kada kuma ku tsaya ga manya kaɗai. A ko wane gari akwai mai kukuma, da mai garaya, da tsohuwar da ta iya waƙar niƙa da ta daɓe, waɗanda rediyo bai san da su ba. Su ma suna binmu. In ɗalibi ɗari suka yi haka, waƙa ɗari ta tsira, ku kuma za ku ga Hausarku ta ƙara nauyi, har Turancinku ya amfana, domin wanda ya san daɗin harshen uwarsa shi ke saurin gane daɗin na wani.

Abu ɗaya ya rage. In mawaƙi na raye, a girmama shi tun yana ji. Mun saba da barin mutum cikin rashin lafiya da rashin abin hannu, sai ya mutu mu cika gari da yabo. Yabon da ya zo bayan likkafani, mai shi ba ya amfana da shi. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya: yadda muka riƙe mawaƙan yau, haka za mu sami na gobe, ko mu rasa su.

Shata ya yi nasa ya tafi inda kowa za shi. Bai bar mana gini ba, bai bar mana littafi da hannunsa ba, magana ya bari, ita kuwa amana ce a hannun masu ji. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa alherin da ya faɗa ya rinjayi wanda ba shi ba. Mu kuma Allah ya ba mu ikon sauke abin da a ke binmu, ya sa mu cika da kyau da imani, amin.