Godiya Kan Masifar da Ba Ta Zo Ba

A shekarar 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa ciwon bushiya ya ƙare a doron ƙasa. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa baki ɗaya, bayan agana a 1980. Matasan makiyaya na yau ba su taɓa ganinta ba, amma kakanninsu sun san ta. Ta shigo Afirka ta gaɓar Eritiriya a 1887, kuma cikin 'yan shekaru ta kashe mafi yawan shanun yankunan da ta ratsa, har da ƙasar Hausa da Barno. Mai garke kan wayi gari daga shi sai sandarsa.

To wa ya kamata a gode wa? Sunan da tarihi ya riƙe shi ne Walter Plowright, masanin Ingila da ya samar da allurar rigakafin a Kenya a farkon shekarun 1960, aka ba shi lambar yabo ta abinci ta duniya a 1999. Ya cancanta. Sai dai ba a ga ƙarshen cutar ba sai 2001. Abin da ya cike waɗannan shekaru arba'in shi ne ƙafa da hannun malaman dabbobi, masu allura da masu ɗibar jini da masu aikin ɗakin gwaji, irin waɗanda ake horarwa a Vom ta Jihar Filato. Tun daga gangamin da aka fara a 1962 a ƙasashen Tafkin Chadi, su ne suka bi ruga ruga da mashaya mashaya, suna shan tunkuyi da harbin saniya, suna huda kunnen wadda aka yi wa allura don a gane ta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Dalilin mantawa da su yana cikin yanayin aikin. Wanda ya ceto saniyar da naƙuda ta zo mata da gardama, mai ita zai riƙa ambatonsa har tsufa, don ya ga mutuwa ta zo ta koma. Wanda kuwa ya yi wa shanu dubu allura, ba abin da zai nuna sai garken da ke kiwo kamar jiya. Idonmu na ganin ceto, ba ya ganin kariya. Muna cewa rigakafi ya fi magani, amma mai magani muke yi wa tukwici.

Wani zai ce, ai aikinsu ne, kuma ana biyansu. Gaskiya ne, amma albashi ba ya sayen komai. Allurar bushiya ta farko ba ta jure zafi. Dole a riƙe ta cikin sanyi tun daga inda aka yi ta har bakin ruga, idan kuma aka haɗa ta da ruwa, 'yan sa'o'i kaɗan take da su. Wadda ta lalace da mai kyau duk kamarsu ɗaya. Saniya ba ta magana, makiyayi ba shi da hanyar ganewa, shugaban ma'aikaci kuma yana ofis a birni. Ma'aikacin da ya zubar da ragowar da ta sha rana ya haɗa sabuwa, alhali ba mai ganinsa, ba albashi ne ya sa shi ba. Amana ce. Ana biyan mutum don ya zo wurin aiki, amma riƙon amana inda ba mai tuhuma kyauta ce daga gare shi, kuma yaba kyauta tukwici.

Wane irin tukwici? Tarihin bushiya ya amsa. Da gangamin farko ya ƙare a 1976, cutar ta yi sauƙi, sai gwamnatoci suka saki jiki. Kuɗin aikin ya ragu, aka daina bin 'yan maruƙan da aka haifa daga baya. A farkon shekarun 1980 ta dawo, ta yi ɓarna mai yawa a garkunan Nijeriya, sai da aka sake ɗaura ɗamara a faɗin nahiyar a 1986. Nasarar ma'aikatan ita ta sa aka ga kamar ba a bukatarsu. Wannan shi ne butulcin da ya fi tsada, domin ba su kaɗai ya cuta ba.

Saboda haka godiyar da ta dace da mai kare mu ba ta tsaya a baki ba. Ita ce albashi a kan kari, da man babur, da firjin da ke aiki, da safar hannu ga wanda ke taɓa dabbar da za ta iya sa masa cizon mahaukacin kare ko tarin fuka. Ita ce kuma makiyayi ya fito da garkensa ranar allura ko da lafiyarsu ƙalau.

Yanzu duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da PPR, annobar awaki da tumaki, 'yar'uwar bushiya. Akuya ita ce asusun matan karkara, da ita ake sayen magani, da ita ake kayan ɗakin 'ya mace. Idan aka yi nasara, ba za a san sunayen waɗanda suka yi allurar ba. Abin da ya rage mana shi ne mu san darajarsu tun suna bakin aikin.