Kafin Ka Ajiye Alli

Ɗana malamin firamare a Maikujera, da kai ma'aikacin sakatariyar Rabah, da ke 'yata mai karɓar haihuwa a ɗakin shan magani a ƙasar Wurno ko Goronyo, ku matso mu yi maganar yajin aiki tun ba a kira shi ba. Ranar da takarda ta iso daga Sakkwato cewa a ajiye aiki, zukata sun riga sun yi zafi, kunne ba ya jin nasiha.

Kada wani ya sa ka ji kunyar neman haƙƙinka. Albashi guminka ne, addininmu kuma ya yi horo da a biya ma'aikaci ba tare da ja masa rai ba. Tarihin ƙasar nan ya nuna da wuya gwamnati ta ƙara albashi don raɗin kanta. A 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da sauran ma'aikatan gwamnati, da Michael Imoudu a gabansu, sun yi fiye da kwana 40 ba su je aiki ba, suna neman Turawan mulki su ba su alawus na tsadar rayuwa. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ɗan jiharmu, sai da ƙungiyar ƙwadago ta NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta tsayar da ƙasa kafin a sa mafi ƙarancin albashi naira 125. Ya zama 18,000 a 2011, ya zama 30,000 a 2019. Naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 ta biyo bayan yajin 3 ga Yuni ne, wanda ya kai har aka kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya, shekara guda bayan cire tallafin man fetur ya ninka kuɗin mota da na hatsi.

To amma sa hannu a Abuja daban, alat a wayarka daban. A Abujar kanta, malaman firamare sun rufe makarantu daga Maris na 2025, suka shafe fiye da wata uku a gida, domin ƙananan hukumominsu ba su biya abin da doka ta ce ba. Malamin firamare da ma'aikacin ƙaramar hukuma su ne a ƙarshen layi kullum. A jiharmu Gwamna Ahmed Aliyu ya amince da 70,000 daga farkon 2025, madalla. Kai dai ka ɗauki takardar albashinka ka duba da kyau. Mafi ƙarancin albashi na wanda ke matakin ƙasa ne. Kai da ke mataki na takwas ko na goma, nawa aka ƙara maka? Ƙarin girman da aka yi maka a takarda, ya shiga aljihu? Ariyas fa, da garatutin dattawan da suka yi ritaya? Idan manomi ya tare ka a kasuwa ya ce, “Malam, me kuke nema?” ka kasa faɗa masa a taƙaice da lissafi, ba ka shirya ba tukuna.

Yanzu maganar ciki, wadda masu jawabi a dandali ba su cika taɓowa ba. Sashe na 43 na dokar saɓanin ma'aikata ya ba mai aiki ikon hana albashin kwanakin da aka yi ana yaji, abin da ake kira ba aiki ba albashi. Malaman jami'a na ASUU sun shiga yaji ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba su janye ba sai 14 ga Oktoba, aka riƙe musu albashin watannin. Sai a gwamnatin da ta biyo baya aka saki na wata huɗu. Waɗannan furofesoshi ne da daktoci, sun ji jiki. Ina ga kai da albashinka ke ƙarewa kafin wata ya raba?

Don haka shirin yaji daga rumbu yake farawa. Da kaka, lokacin da gero da dawa suka sauko, ka sayi abin da za ka iya ka ajiye, ko da tiya-tiya ne. Ku kafa adashi tsakaninku, ku ware asusu na musamman wanda ba a taɓa shi don biki ko suna. Allah ya ba ƙasarmu fadama da ruwan madatsar Goronyo. Ɗan fegin albasa ko tafarnuwa ko shinkafa a noman rani yana riƙe gida wata da watanni. Ka guji bashin banki da ake yanka daga albashi idan ka hango rigima na tafe, domin ruwan bashi ba ya tafiya yaji. Ka zaunar da uwargida ka gaya mata gaskiyar abin da ke zuwa. Mafi yawan waɗanda ke sulalewa su koma aiki a ɓoye ba munafukai ba ne, kukan yara ne ya kore su daga gida. Idan kun san wani a cikinku mai nauyin iyali ko mai jinya, ku tallafe shi tun bai karye ba.

Takardunka kuma ka killace su: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, da shaidar karatu, kowacce da kwafinta. A Kaduna a 2017 an sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan jarrabawar gwaji, yajin ƙungiyar malamai ta NUT bai mayar da su ba. Rigimar albashi takan jawo tantancewa, ranar kuwa takarda ce ke magana.

Abin da ya fi damuna shi ne maƙwabtanka. Ɗana, idan ka rufe aji a Maikujera, ɗan wa ya zauna gida? Ba ɗan kwamishina ba ne. Ɗan manomin da ke sallah sahu ɗaya da kai ne, mutumin da ba ya jiran alat ko ɗaya a ƙarshen wata, wanda wataƙila 'yan bindiga sun hana shi noma gonarsa ta nesa, ko ya sayar da shanunsa ya fanso ɗan'uwansa. A idonsa kai mai albashi ne, kana cikin inuwa. Idan bai fahimci kukanka ba, zai ɗauka kai ne ka zalunci ɗansa, gwamnati kuwa ta samu abokin faɗa kyauta. Ku je wurin hakimi da mai gari da liman da kwamitin iyayen yara tun wa'adin shiga yaji bai cika ba. Ku nuna musu takardar albashi, su ga da idonsu abin da malamin 'ya'yansu ke kaiwa gida. Ku gaya musu tun yaushe kuke rubuta koke ba amsa. Dattijon da ya gane zancen, shi ne zai ɗaga waya ya kira ɗan majalisa, kiransa kuwa ya fi kwalinka nauyi.

Ke kuma 'yata, aikinki rai ne. Doka ta wajabta wa masu ayyukan da jama'a ba sa iya rayuwa ba tare da su ba, su ba da sanarwar kwana 15 kafin su janye. Ko ba doka, mai naƙuda da tsakar dare, ko wanda maciji ya sara, ko wanda aka kawo da harbi, ga hanyar Sakkwato ba ta biyuwa da dare, ba a juya musu baya. Ku nemi ƙungiyarku ta tsara wanda zai tsaya wa irin waɗannan tun kafin a fara.

Shugabannin ƙungiya ku girmama su, ku kuma tambaye su. Kowane wata ana cire kuɗin ƙungiya daga albashinku. Kuna da haƙƙin jin inda suke tafiya, da ko an ware wani abu don ranar yaji. Gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya ce sai an kaɗa ƙuri'a mafi yawan mambobi sun yarda kafin a shiga yaji, saboda haka ka halarci taro ka faɗi ra'ayinka. Kada ka bari ɗan siyasa ya ari fushinka ya ci zaɓe da shi. Kada ka fasa ƙofa ko ka zagi wanda ya saɓa maka. Idan an zo sulhu, ku dage a rubuta yarjejeniya da adadin kuɗi da watan da za a fara biya, a karanta muku ita kafin a ce an janye.

Ranar da aka janye, ka riga yara isa makaranta. Ka duba darussan da suka wuce 'yan aji shida masu shirin jarrabawa, ka zauna da shugaban makaranta ku tsara yadda za a rama musu, ko da da yamma ne bayan la'asar.