Wa Zai Mayar Wa Mutum Da Sunansa?

Kwanan baya wani ɗan'uwa cikin ekklesiyarmu a nan Argungu ya zo mana da baƙin ciki. Yana aiki a siton wani ɗan kasuwa mai sayen shinkafa daga manoman fadama, shi ne mai riƙe da sikeli da littafi. Ya daɗe a wannan aiki, ba a taɓa samunsa da laifi ba. Sai wani abokin aikinsa, wanda shi ma mai bi ne, ya ce da direbobi da 'yan dako wai ɗan'uwan nan yana tauye awo, yana cin rarar. Kafin mako ya kewayo maganar ta kai Birnin Kebbi. Maigidan ya duba littafi, ya ƙirga buhuna, bai sami kome ba. Bai kore shi ba, amma ya karɓe mabuɗin sito ya ba wani.

Ɗan'uwan ya tambaye mu, ya ce, "In kai shi ƙara, ko kuwa in bari?" Tambayar nan ta fi ƙarfin amsa ta gaggawa, domin haka mu ka ga ya kamata mu yi shawara a kanta tare da masu karatu.

Bari mu fara da abin da hukuma ta shirya. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda a ke ce da ita Final Kod, an yi ta a 1959, ta fara aiki a 1960. An ɗauko tsarinta daga dokar Sudan, ita kuma daga ta Indiya ta 1860. Sashe na 391 na dokar nan ya bayyana ɓata suna, watau mutum ya jingina wa wani abin da zai zubar masa da mutunci, ko da baki ko a rubuce, yana nufin haka ko kuwa ya san haka zai faru. Sashe na 392 ya sa horo, ɗauri har shekara 2, ko tara, ko duka biyu. Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ba ta ɗauri ba ce: wanda aka ɓata ya nemi diyya. A nan sai ya nuna wa alƙali an faɗi maganar, da shi a ke, kuma wani na uku ya ji. Gama idan mutum ya zage ka ku biyu kaɗai cikin ɗaki, ya ɓata maka rai ne, bai ɓata maka suna ba. Maƙwabtanmu Musulmi kuma ba su ɗauki abin da wasa ba. A shari'arsu, wadda Jihar Kebbi ta shigar cikin dokokinta a 2000, wanda ya yi wa wani ƙazafin zina bai kawo shaidu 4 ba, bulala 80 ce horonsa.

Ashe ɗan'uwanmu yana da hanya. To, idan ya bi ta ya ci nasara, me zai komo da shi gida? Alƙali ya iya ɗaure mai ƙarya, ya iya sa shi ya biya kuɗi. Amma sunan mutum ba a hannun wanda ya ɓata shi ya ke ba, balle a ce ya fito da shi kamar akuyar da aka sace. Yana cikin zukatan waɗanda su ka ji. Direban da ya kai maganar Birnin Kebbi ba za ya zo kotu ba, matar da ta ji a bakin rijiya ba za ta karanta hukunci ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Mun ga wannan ga manya. A 2025 Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta zargi Shugaban Majalisar Dattawa, Godswill Akpabio, da nemanta da lalata, shi kuwa ya musa. A watan Maris majalisar ta dakatar da ita wata 6, ta ce saboda karya ƙa'idodin zaure ne. Aka shigar da ƙararrakin ɓata suna daga wannan gefe da wancan, a kan biliyoyin naira, har Gwamnatin Tarayya ta gurfanar da ita a Abuja a ƙarƙashin sashen nan na 391. Mu ba alƙalai ba ne, ba mu ce ga mai gaskiya ba. Abin da mu ka lura shi ne, tun alƙali bai buɗe baki ba, kowane mai waya a hannu ya riga ya yanke nasa hukunci, kuma da wuya ya sāke.

Littafi Mai Tsarki ya san irin wannan tun da daɗewa. Daniyel ma'aikacin gwamnati ne. Sarki Dariyus ya naɗa hakimai 120, ya sa mutum 3 bisansu, Daniyel ɗaya ne cikinsu. Da aka ga sarki yana so ya ɗaukaka shi, abokan aikinsa ne su ka shiga neman laifinsa, ba baƙi ba. Haka abin ya ke har yau. Baƙo ba ya iya ɓata ka sosai, gama ba wanda zai gaskata shi. Amma idan wanda ku ke cin tuwo tare ya yi magana, sai mutane su ce, "Ai shi ya san shi." Amanar zama tare ita ce ta ke ba ƙaryarsa ƙarfi, saboda haka laifinsa biyu ne.

Yawancinmu da mun ji tambayar ɗan'uwan nan, sai mu buɗe 1 Korintiyawa sura 6, inda Bulus ya tsauta wa masu bi da su ke kai juna gaban mahukunta na waje, har ya nuna gara a cuce su su haƙura. Gaskiya ne, ba kuwa za mu rage nauyin maganar ba. Amma mu karanta surar duka. Tsautawar ta fāɗa a kan jama'ar ne gaba ɗaya, domin an rasa mai hikima ko ɗaya cikinsu wanda zai raba gardama tsakanin 'yan'uwa. Watau Bulus ya hana zuwa kotu ne yana sa rai ekklesiya za ta yi aikin. Mu kuwa sau da yawa mu kan riƙe hanin mu bar aikin. Mu kan ce da wanda aka cuta, "Yi haƙuri, Allah ya gani," sa'an nan mu sallame shi, mai ƙaryar kuwa ran Lahadi yana zaune a bencinsa, har ya ɗauki faifan baiko. Wannan ba sulhu ba ne, tsoron fuska ne.

Ku tuna kuma Bulus ɗin nan a Filibi. An yi musu dūka shi da Sila a bainar jama'a ba tare da bincike ba, da safe mahukunta su ka aiko a sake su a ɓoye. Bulus ya ƙi fita, sai da su da kansu su ka zo su ka fitar da su. A ganinmu ba girman kai ba ne. Da ya sulale da sassafe, da ƙaramar jama'ar da ke taruwa a gidan Lidiya ta zauna da sunan mabiyan masu laifi. A fili aka ɓata, a fili ya nemi a gyara. Mutanen Kabi ba sai an koya musu wannan ba. Gabar da ke tsakaninsu da Sakkwato ta fi shekara ɗari, da aka tashi nuna wa duniya ta ƙare, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu da kansa a 1934, kowa yana gani, daga nan bikin kamun kifi ya samo asali.

Sai dai akwai wani gefe, kada mu tsallake shi. Idan da gaske mai sikeli yana tauye awo fa? Manomi ya sha sauro da ruwa wata huɗu, a zalunce shi, wanda ya gani ya yi shiru wai kada ya ɓata suna? A'a. Dokar 1960 ta ware wannan: wanda ya kai zargi da kyakkyawar niyya wurin mai iko bisa mutumin, bai yi laifi ba. Ta kuma ƙara wani abu da ya ba mu mamaki da mu ka fara saninsa. Ga wanda ya baza magana, kasancewarta gaskiya kaɗai bai isa ya kuɓutar da shi ba, sai faɗarta tana da amfani ga jama'a. A nan dokar ta zo kusa da Matiyu sura 18, inda Ubangijinmu ya sa a fara da mutumin shi kaɗai, sa'an nan da shaida ɗaya ko biyu, daga baya jama'a. Da abokin aikin nan ya tafi wurin maigida ya ce a duba sikeli, da ba mu da abin cewa. Amma ya bar mai ikon gyara, ya tafi wurin 'yan dako, waɗanda ba abin da za su iya yi da maganar sai su ɗauke ta su kai gaba.

Ga abin da mu ka ce da ɗan'uwanmu. Mun roƙe shi ya dakata, ba mu ce ya bari ba. Dattawa su ka kira su biyun, su ka tambayi mai maganar ko ya gani da idonsa. Ya sunkuyar da kai, ya ce zato ne, kuma ya ji zafin ƙarin albashin da aka yi wa wancan. Ya so ya roƙi gafara a nan cikin ɗakin dattawa a rufe maganar. Aka ce masa gafara ta samu, amma bashin yana nan: sai ya koma bakin sito, lokacin da motoci su ke lodi, ya faɗa da bakinsa ƙarya ya yi. Mun kuma gaya masa idan ya ƙi, ba za mu tare wa ɗan'uwansa hanyar alƙali ba.

Ya je, da dattawa biyu a bayansa. 'Yan dako su ka saurara, waɗansu su ka yi dariya. Direban da ya kai maganar Birnin Kebbi ba ya nan ran nan, ya tafi Kamba da kaya. Har lokacin da mu ke rubuta wannan, mabuɗin sito yana hannun wancan da aka ba.