AYAR ALLAH A CIKIN TEKU: KIFIN DA BA YA BARIN SANYI YA SHIGA CIKINSA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci tudu da ruwa, Ya ba kowace halitta abin da za ta rayu da shi. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, mu mutanen Adar ne, tsakaninmu da teku tafiya ce mai nisa. Kifin da muka sani shi ne tarwaɗa da karfasa na madatsun Mozage da Zango, da gaiwa mai shigewa cikin laka ta kwanta idan tabki ya ƙafe har ruwa ya dawo. Amma Allah Ya ambaci teku a Suratun Nahli cikin jerin ni'imominSa, kuma a Suratul Ankabut Ya umurce mu da yin tafiya a bayan ƙasa domin duban yadda Ya fari halitta. Saboda haka magana a kan dabbar teku a cikin masallaci bin umurni ne.

Dabbar da muke nufi ita ce kifin da Larabawa ke kira ƙirshu, Turawa kuwa shak. Daga cikin bayanan da malaman lugga suka kawo game da asalin sunan Ƙuraishawa, akwai cewa daga sunan wannan kifi aka ciro shi, saboda ƙarfinsa da rinjayensa a kan dabbobin ruwa.

YADDA ABIN YAKE

Duk wanda ya lura da ƙadangare da safiyar hunturu ya san ba ya iya gudu sai ya sha hantsi, domin zafin jikinsa daga waje yake zuwa. Haka mafi yawan kifaye suke. Kifi yana numfashi ne ta mashaƙar da ke gefen kansa, inda jininsa ke kusantar ruwa domin ya ɗauki iska. A wurin nan ne ruwa ke kwashe ɗumin jinin, sai ya koma cikin jiki da sanyi. Shi ya sa masunta ke ganin karfasa tana rage ci da motsi idan ɗari ya tsananta.

Irin shak sun haura 500, kuma galibinsu haka suke. Amma akwai ƴan kaɗan da Allah Ya keɓe, mafi shahara a cikinsu dangi guda ne mai iri 5, wanda ya haɗa da farin shak babba da mako. A shekarar 1969 wasu masu bincike biyu na cibiyar nazarin teku ta Woods Hole a Amurka, Francis Carey da John Teal, suka bayyana cewa jikin mako da wani ɗan'uwansa ya fi ruwan da suke ciki ɗumi. Daga baya aka auna cikin farin shak aka tarar yana iya fin ruwa da digiri 14. Wani kuma da ke farauta a gaɓar Alaska yana riƙe kimanin digiri 25 a cikin ruwan da bai kai digiri 10 ba.

Hikimar ita ce: jan naman da ke aiki dare da rana wajen iyo yana can tsakiya, kusa da ƙashin baya, kuma aikinsa na haifar da zafi. Jinin da ke fitowa daga gare shi da ɗumi yana bi ta ƙananan jijiyoyi masu yawa, saƙe kamar taru, jingine da jijiyoyin da ke kawo jini mai sanyi daga mashaƙa. Wannan na fita, wancan na shiga, sai ɗumin ya tsallaka daga mai fita zuwa mai shiga, tamkar mutumin da zai fita daga ɗaki ya miƙa bargonsa ga mai shigowa a bakin ƙofa. Ta haka ɗumin ba ya isa mashaƙa balle ruwa ya tafi da shi. Sakamakon haka kifin yana iyo da ƙarfi, yana narkar da abinci da wuri, yana shiga ruwan da sanyinsa ke kassara waninsa.

Subhanallah! Irin wannan saƙa tana nan a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar tumakinmu da awakinmu, amma aikinta juye yake: tana sanyaya jinin da ke hawa kai a lokacin bazara. Tsari guda, a teku yana tsare zafi, a Adar yana korarsa.

ABIN DA MASU BINCIKE KE FAƊA GAME DA ASALINSA

Masana halittu suna cewa kakannin shak sun fi shekara miliyan 400 a teku, kuma wannan baiwa ta bayyana ne daga baya a wani reshe nasu, mataki bayan mataki, domin wanda ya fi riƙe ɗumi ya fi samun abinci, ya fi barin zuriya. Suna cewa kifin tuna ya samu irin wannan tsari ta hanyarsa daban, alhali nasabarsu ta rabu tun da nisa. A shekarar 2023 aka binciki haƙoran wani ƙaton shak mai suna megalodon, wanda ya ɓace kimanin shekara miliyan 3 da rabi da suka shige, aka ƙiyasta cewa jikinsa ya fi ruwan zamaninsa ɗumi da kusan digiri 7. Wasunsu na ganin yawan abincin da ɗumin ke bukata yana cikin dalilan ƙarewarsa.

A nan ne wasu ƴaƴanmu ke tuntuɓe. Yaro ya karanta wannan a makaranta, sai ya zaci sanin hanyar ya ɗauke bukatar Mai hanyar. Uba kuma ya tsorata, ya tsine wa karatun baki ɗaya. Dukkansu sun yi kuskure. Manomi ya san gero na bukatar ruwa da taki da kwanaki, wannan sani bai taɓa hana shi roƙon Allah albarka ba. Sabubba bayin Allah ne, tsawon zamani kuma halittarSa ne. Abin da nassi ya yanke, kamar halittar babanmu Annabi Adamu, mun yi imani da shi yadda ya zo. Abin da ya shafi ƙashi da haƙori da jijiyar kifi kuwa, a saurari masu awo, a karɓi abin da hujja ta tabbatar.

DARASI GARE MU

Na farko, kifin nan ba ya iya rabuwa da ruwan sanyi, domin a cikinsa numfashinsa yake. Haka samarinmu masu tafiya bida zuwa Abijan da Ikko da Kwatano, da masu saye da sayarwa a kan iyaka tsakanin Ƙonni da Illela ta Nijeriya: dole su cuɗanya da duniya. Tambayar ita ce, zuciyarka tana ɗaukar yanayin duk garin da ka sauka, ko tana da ɗuminta? Da yawa sun tafi suna masu tsare jam'i, sun dawo Asuba na yi musu nauyi.

Na biyu, ɗumin yana fitowa ne daga naman da ba ya daina aiki. Imani ma yana ƙaruwa da ɗa'a, yana raguwa da saɓo. Salla biyar a kan lokaci, da ɗan abin da ka lazimta na karatun Alƙur'ani, su ne jan naman zuciya.

Na uku, jijiya ɗaya ba ta riƙe zafi, sai sun jingina da juna. Wanda zai tafi baƙon wuri ya nemi masallaci da abokan kirki kafin ya nemi kasuwa. Dattawa kuma su miƙa abin da suka sani ga yara tun suna bakin ƙofa.

Na huɗu, wannan baiwa tana da tsada, mai ita ya fi saura bukatar abinci. Wanda ke son riƙe addininsa a wannan zamani sai ya ciyar da shi da zama gaban malamai, ba daga Juma'a sai wata Juma'a ba.

Ya Allah Ka tabbatar da zukatanmu a kan addininKa, Ka tsare matafiyanmu, Ka shiryi zuriyarmu, Ka sanya iliminsu ya ƙara musu tsoronKa. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.