Ɗana, Kada Kunya Ta Sa Ka Tayar da Bashin da Ya Kwanta

Ɗana, kai da ke neman halaliyarka a Amurka, ko tasi kake ja a Niyok ko aikin dare kake yi a wani sito, akwai wani kiran waya da nake so ka shirya masa tun bai zo ba. Mai kiran zai yi maka magana a tausashe. Ya san cikakken sunanka, ya san gidan da ka fara zama lokacin kana baƙo. Zai tuna maka wani katin bashi ko kuɗin asibiti na shekara takwas ko tara da suka wuce, ya ce kuɗin sun haura dala 2,000. Daga nan sai ya sassauta murya ya ce ba sai ka biya duka ba, ka ba da dala 20 kawai yau don a ga kana da niyya. Dala 20 ɗin nan ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Wani yaro cikin yaranmu ya tare ni bayan an idar da sallar Juma'a, ya jawo ni gefe inda ake ajiye takalma, ya zaro wata takarda daga aljihu. Ya ninke ta huɗu, gefenta har ya yi laushi saboda yawan buɗewa da rufewa. Sammacin kotu ne. Watanni kaɗan kafin nan an kira shi a kan wani tsohon bashi, ya karanta musu lambar katinsa suka cire ɗan abin da bai kai kuɗin man mota ba. Da na tambaye shi dalili, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi kunya na ji, mutum yana ce min yana bina kuɗi." Ban yi masa faɗa ba, domin tarbiyyar da muka ba shi ce ta yi aiki a kansa. Abin da ya ba ni takaici shi ne bai san cewa a jihar da yake zaune wannan ɗan kuɗin ya tayar da bashin da doka ta riga ta kwantar ba.

Ga yadda abin yake. Kowace jiha a Amurka ta yanka wa'adin da mai bin bashi zai iya kai ƙara kotu, kuma a yawancinsu tsakanin shekara 3 ne zuwa 6, ana fara lissafi galibi daga lokacin da aka daina biya. A Kalifoniya shekara 4 ne ga yarjejeniyar da aka rubuta. A Niyok, tun watan Afrilun 2022 aka rage shi daga 6 zuwa 3 ga irin bashin kati. In wa'adin ya cika, bashin bai mutu ba a mafi yawan jihohi, ana iya roƙonka ka biya, amma an ƙwace wa mai bin sandarsa. Wata ƙa'ida ta hukumar tarayya mai kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, wato CFPB, wadda ta fara aiki ranar 30 ga Nuwamba 2021, ta haramta wa kamfanonin karɓar bashi su kai ka ƙara a kan irin wannan bashi, ko ma su yi maka barazanar kai ƙara. To amma a jihohi da dama, da zarar ka biya ko dala ɗaya, ko ka sa hannu a takardar amincewa da bashin, sai lissafin shekarun ya koma farko kamar jiya ka ci. Niyok ta toshe wannan kafa a dokarta da ta fara aiki a 2022, amma kada ka ɗauka ko'ina haka ne. Sai ka bincika dokar jiharka.

Ka kuma san wanda ke kiranka. Da wuya ya zama bankin da ya ba ka kati ko asibitin da ya duba ka. Su sun daɗe da cire tsammani, sun haɗa basussukan dubban mutane sun sayar a dunƙule, kamar yadda ake sayar da dilar gwanjo ba tare da an kwance ta ba. Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta fitar da wani bincike a 2013 da ya nuna cewa masu sayen nan suna biyan kimanin santi 4 a kan kowace dala, kuma bashin da ya fi tsufa ya fi araha. Sau da yawa abin da suka saya jerin sunaye ne da lambobi, babu takardar yarjejeniya ko ɗaya. Bashi yakan bi hannu uku ko huɗu, a hanya kuɗin ruwa su hau, lissafi ya rikice, wani lokaci ma a bi wanda ya riga ya biya. Ka tuna yawan masu suna Muhammad Abdullahi ko Ibrahim Musa a cikinmu, sai ka gane yadda bashin wani zai iya sauka a kanka.

Saboda haka in kiran ya zo, ka riƙe bakinka. Kada ka ce "e, bashina ne," kada ka yi alkawarin ƙarshen wata, kada ka karanta lambar kati ko ta asusu. Ka tambayi sunan mai maganar, sunan kamfaninsa da adireshinsu, ka rubuta tare da rana da lokaci, sannan ka ce a aiko maka komai a rubuce. Dokar tarayya ta 1977 a kan karɓar bashi ta wajabta musu sanar da kai bayanin bashin cikin kwana 5 da fara tuntuɓarka, kai kuma kana da kwana 30 ka rubuta musu cewa kana jayayya. In ka yi haka, dole su dakata har sai sun kawo hujja. Ka nemi sunan ainihin wanda ya ba da bashin da ranar biya na ƙarshe, domin wannan ranar ce za ta nuna maka ko wa'adi ya wuce. Wasiƙar ka aika ta da rajista a gidan waya, ka adana rasit da kwafinta.

Na san abin da ya fi tsorata ka, kada zancen ya kai kunnen jama'a. Su ma sun sani. To ka ji: dokar nan ta hana su faɗa wa ɗan'uwanka, maƙwabcinka, limaminku ko maigidanka a wurin aiki cewa ana binka bashi. Ta hana su kiranka kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan ƙarfe 9 na dare, ta hana zagi da barazanar ƙarya. In wani ya ce zai turo 'yan sanda, ko zai sa a taɓa takardun zamanka, ƙarya yake yi, ba a kama mutum don ya kasa biyan katin bashi. In ka rubuta musu cewa su daina tuntuɓarka, wajibi ne su daina. Wanda ya karya waɗannan, kana iya kai ƙararsa cikin shekara ɗaya, kotu na iya ba ka diyya har dala 1,000 ban da asarar da ka yi da kuɗin lauya. Shi kuma tabon da bashin ya yi wa tarihin kiredit ɗinka lissafinsa daban ne, shekara 7 yake yi ya goge, kuma sayar da bashin ga wani kamfani ba ya sabunta shi.

Yanzu bari in zo inda zuciyata ta fi nauyi, kada ka ce Baba ya koya maka cin haƙƙin mutane. Ban koya maka ba. Mu da aka rena a kan cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muka ji yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata daga sallatar wani mamaci da ake bi bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya, ba za mu ce shekara shida ta wanke mutum a gaban Allah ba. Wa'adin nan na kotu ne. In ka tabbata ka ci kuɗin nan kuma Allah ya hore maka, ka biya. Abin da nake roƙonka shi ne ka biya ido buɗe. Ka tabbatar bashin naka ne, ka tabbatar wanda ke nema shi ne mai haƙƙin karɓa a yau, ka san nawa ne uwar kuɗi nawa ne ruwan da aka ɗora, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa a kan ruwan. Sannan ku daidaita a kan adadi ɗaya, su rubuto maka cewa da shi magana ta ƙare, kafin ko santi ya fita daga hannunka. Biyan kaɗan-kaɗan ta waya ba tare da takarda ba shi ne ya jefa yaron nan cikin halin da na same shi. Bashin da ɗan'uwa ya ba ka kuɗin jirgi ko na biza kuwa, wannan ba ya cikin zancen nan sam, ka biya shi ko shekara talatin ta wuce.

Ba kowane bashi ne ke da irin wannan wa'adi ba. Bashin karatu na gwamnatin tarayya ba ya tsufa. Bashin da kotu ta riga ta yanke hukunci a kansa ma daɗewa yake yi, a Niyok har shekara 20.

Wannan ya kawo ni kan sammaci. Duk da haramcin da na faɗa, ana shigar da irin waɗannan ƙararraki, kuma a mafi yawan kotuna alƙali ba zai duba maka wa'adi da kansa ba, kai ne za ka tashi ka ce lokacin ƙara ya wuce. Cibiyar bincike ta Pew ta ruwaito a 2020 cewa sama da kashi 70 cikin 100 na ƙararrakin bashi a wuraren da ta duba ana yanke su ne a bayan idon wanda ake ƙara, saboda bai amsa ba. Da wannan hukunci ake yankar albashin mutum ko a riƙe masa asusu. Yaranmu sukan jefa takardar a aljihun mota su ce Allah ya kyauta, wasu don tsoro, wasu don kada su rasa aikin wuni ɗaya.

Ɗana, in takardar kotu ta same ka, ka duba ranar da aka ba ka ka amsa, ka nemi ofishin lauyoyin taimakon marasa ƙarfi na garinku tun a makon, ka tafi da duk takardun da ka adana. In Turancin kotu zai yi maka nauyi, ka nemi tafinta. Don Allah kada ranar nan ta wuce ba ka amsa ba.